Wai intanet ce ta kashe jarida, ko masu gidajen jaridar ne suka kashe kansu?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wata tambaya ce ta daɗe tana ci na, na ce bari dai in kawo ta nan tunda akwai manya da suka riga mu shiga harkar.

Ni ina aiki ne a wata 'yar jaridar Hausa ta intanet a nan Kano, sunan dai ba sai na kama ba, mu bakwai ne har da mai shara, yau wata huɗu kenan rabonmu da cikakken albashi sai dai a tsakura maka wani abu a ce ka ƙara haƙuri. Jiya oga ya tara mu mitin ya ce Facebook da Google ne suka cinye tallar duniya, kowa haka yake fama, har a Amurka jaridu rufewa suke yi. To ni ban ce ƙarya yake ba, amma lokacin da yake wannan bayanin janareto na can waje yana ruri don a kunna masa esi, kuma ofis ɗin ɗaki biyar ne ake biyan haya alhali aikin duk a waya muke yi, ni wallahi rabin labaran da nake turawa a cikin adaidaita sahu nake rubuta su. Sannan duk gidan babu mutum ɗaya da aka ce kai aikinka neman talla ne, jira kawai ake wani ɗan siyasa ya kira oga.

Shi ne nake tambaya, da gaske intanet ce ta kashe harkar ko rashin iya riƙon kasuwanci ne? Na biyu kuma, wani abokina ya matsa min mu buɗe tamu, mu sa mutane su riƙa biyan ko naira dubu ɗaya a wata kafin su karanta. Tsakani da Allah Bahaushe zai cire kuɗi ya biya don ya karanta labari?

Baba Edita:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi sama da shekara ashirin a ɗakin labarai, tun zamanin da ake yanka labari da reza a manna shi da gam a jikin kwali kafin a kai wa masu inji, don haka bari in ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da surutun tsoho.

Abu na farko da yaran yanzu ba ku sani ba, jarida ba ta taɓa rayuwa da kuɗin mai karatu ba, ko a lokacin da take tashe. Kuɗin da ke rubuce a goshin jaridar nan, dillali zai cire kasonsa, yaron da ke bin motoci a danja ya cire nasa, ga direban da ya taso da ita tsakar dare don ta kwana a Sakkwato ko Maiduguri, abin da zai dawo ofis ko kuɗin takarda da tawada ba ya kaiwa. Wadda ba a sayar ba kuma a ɗaure maka ita dami-dami a dawo maka da abinka, ƙarshe a auna ta a sikeli a sayar wa masu tsire da masu ƙosai. Na sha sayen balangu in buɗe in ga kanun da na kwana ina gyarawa ya jiƙe sharkaf da mai. Ga kuma 'yan karatun kyauta, a taru a gindin bishiya wajen mai jarida mutum goma su karanta kwafi ɗaya, a yi musun siyasa a watse ba wanda ya saya. Kaga kenan son banza ba Facebook ne ya koya mana ba.

Talla ce ke riƙe da gida. To wace irin talla ce a nan Arewa? Nan gizo ke saƙar. Duba tarihinmu, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, hukumar Turawa ce ta kafa ta. New Nigerian ta fito a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, gwamnatin Sardauna ce ta kafa ta, sati biyu kacal kafin a kashe shi, a 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta, daga baya aka mayar wa gwamnonin Arewa 19, ka san kuwa akuyar da ke da iyayengiji 19 da yunwa za ta kwana. Triumph a Kano gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa ta a 1980, har da Albishir da Alfijir ta ajami. Duka 'ya'yan gwamnati ne, manajan irin wannan gida gwanintarsa ita ce sanin teburin da fayil ɗinsa ya kwana a ma'aikatar kuɗi, bai taɓa zama ya yi tunanin me mai shago a Sabon Gari yake so ba. Waɗannan gidajen sun fara ciwo tun kafin yawancin mutanenmu su san me ake kira data.

Masu zaman kansu ma da suka zo daga baya, ka buɗe shafukansu ka ƙirga. Taya gwamna murnar ranar haihuwa, taya wane murnar sarauta, ta'aziyya cikakken shafi, sanarwar kwangila ta ma'aikata, sai ɗan canjin suna na amare a lungu. Kuma tallar gwamnati bashi ce, a buga yau a biya baɗi in an ga dama, sai ka bar wani kaso a hanya kafin cek ya fito. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, ba za ka buga hoton mutum yana murmushi a shafi na biyar ba sannan ka tona asirinsa a shafin farko.

In kana son ka ga yadda abin yake, nemi labarin jaridar NEXT ta Legas, wadda Dele Olojede ya kafa, mutumin da ya ci Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 2005. Sun zo da albashi mai kyau, sun hana ma'aikatansu karɓar na goro, suna bincike mai zafi a kan manya har da harkar man fetur, sai masu talla suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya, zuwa 2011 sun daina bugawa. Wannan ba Google ba ne ya kashe ta.

Sai maganar takarda. Kamfanin takardar jarida na Oku Iboku a Akwa Ibom ya tsaya tun shekarun 1990, tun daga nan daga waje ake shigo da ita da dala. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ga tallafin mai an cire, shi ya sa ka ga jaridu sun rame kamar an yi musu wankin ciki. Don haka ogan naka yana da rabin gaskiya, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Alhajin Kwari:

Ni dai ba ɗan jarida ba ne, atamfa da shadda nake sayarwa, amma tunda mu ne ake cewa mun daina ba ku talla bari in faɗi nawa. Na taɓa biyan kuɗi masu ciwo aka sa min talla a wata jarida kwata na shafi, wallahi ko filashin ba a yi min ba, da na yi magana aka ce ai sunan shagona ya shiga duniya, to sunan zan ci? Yanzu yarona yana ɗaukar hoton kaya da waya, ya sa 'yan dubbai a Facebook ya zaɓi mata na Kano da Kaduna da Abuja har Maraɗi, kafin la'asar waya ta fara ƙara, kuma ina ganin mutum nawa suka gani, nawa suka taɓa. Ko in ba wata mai mabiya a TikTok turmi biyu ta ɗaura ta yi juyi, gobe a zo ana cewa a ba ni irin ta wance.

Rediyo kam har gobe ina ba su, musamman gab da sallah, don shi ina ganin aikinsa a ƙofar shago. Ku kuma 'yan jaridar intanet ban taɓa ganin ɗayanku ya tako Kwari ya ce Alhaji ga abin da za mu yi maka ga farashi ba, sai in gobara ta tashi Allah ya kiyaye, nan ne za ku cika kasuwa da kyamara.

Maman Hanifa (Toronto):

Ɗan_Fagge sannu da haƙuri, Allah ya kawo mafita. Ni zan ɗan yi wa ogan naku adalci kaɗan, don abin da ya faɗa a kan Amurka gaskiya ne. A wajen 2006 jaridun Amurka suna samun kusan dala biliyan 49 a shekara daga talla, zuwa 2022 abin ya faɗo ƙasa da biliyan 10. Kuma ba Facebook ne ya fara yi musu illa ba, wani shafi ne mai suna Craigslist da wani mutum Craig Newmark ya fara a San Francisco a 1995, shafin ko kyan gani babu, amma mai neman ɗan haya ko mai sayar da tsohuwar mota zai sa sanarwarsa yawanci kyauta. To waɗannan ƙananan sanarwowin su ne asusun jaridun can, kamar yadda Baba ya ce tallar gwamnati ce asusun namu. Suna ji suna gani aka janye musu tabarma.

Amma su ma ɗin da hannunsu a ciki. Shekara da shekaru suna zuba labaransu kyauta a intanet suna cewa in mutane sun taru talla za ta biyo baya, mutanen suka taru tallar ta wuce wajen Google. Sannan wajen 2015 zuwa 2016 aka ce musu ai yanzu zamanin bidiyo ne, gidaje da yawa suka sallami marubuta suka ɗebo masu haɗa bidiyo don Facebook, sai ga Facebook ɗin da kansa a 2016 ya amsa cewa lissafinsa na tsawon lokacin da mutane ke kallon bidiyo ya zuzuta shi. A Janairun 2018 kuma suka canza tsari suka ce abin da dangi da abokai suka ɗora shi za a fi nuna wa mutum, ba na gidajen labarai ba. Gidan labaran intanet na BuzzFeed News da suka gina kansu a kan wannan hanyar, har Pulitzer sun ci, a 2023 aka rufe su, takwarorinsu Vice ma a shekarar suka bayyana karyewa.

Mu nan Kanada a kanmu abin ya ƙare. Gwamnati ta yi doka a 2023 cewa manyan kamfanonin nan su riƙa biyan gidajen jarida, Google suka yarda za su riƙa ba da dalar Kanada miliyan 100 a shekara, Meta masu Facebook kuwa suka ce a kai kasuwa, daga watan Agustan shekarar suka toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram. Ni nan in na kwafo adireshin wani labari na gida zan ɗora wa 'yan uwa a Facebook ba ya hawa, sai dai in ɗauki hotonsa ko in tura ta WhatsApp. Kuma abin ya zo daidai lokacin gobarar daji da aka kwashe mutanen garin Yellowknife, mutane na neman labari an rufe ƙofa. A Ostareliya ma sun taɓa yin haka na 'yan kwanaki a 2021. To ka duba fa, Kanada ce aka yi wa haka, ina ga shafin Hausa mai mutum bakwai a Kano da duk masu karatunsa ta Facebook suke shigowa. Gini ne a filin aro, ranar da mai fili ya tashi ko sallama ba zai yi maka ba.

Bazazzagi:

Ku dai faɗi gaskiya, me ake rubutawa da har za a biya? Shafi ashirin labari ɗaya, BBC Hausa su saka ƙarfe tara, tara da minti biyar kowa ya kwafe har da kuskuren rubutun, a canza kanu a sa "Yanzu-yanzu" da "Innalillahi" ka danna ka tarar ba komai. Ni ko naira hamsin ba zan bayar ba, datar da nake ƙonawa ma Allah ya isa.

Mai Lissafi:

Bazazzagi ka yi zafi amma ka taɓo wajen. Ni akawu ne, na taɓa riƙe wa wani ƙaramin gidan rediyo littafi, don haka ta ɓangaren kuɗi zan yi magana.

Masu cewa a sa shinge a karɓi kuɗi kafin a karanta labari kullum New York Times suke kawowa misali. E, sun sa shingen a Maris 2011, lokacin ana ta yi musu dariya, suka bar wa mutum labari 20 kyauta a wata daga nan sai ya biya, yanzu masu biyansu sun haura miliyan 10. Amma a duba me suke sayarwa. A 2022 sun sayi shafin wasanni The Athletic dala miliyan 550, sun sayi wasan kalmomin nan Wordle, suna da ɓangaren girke-girke, wato mutum na biya ne don abubuwa da yawa da ya saba da su kullum, labari ɗaya ne daga ciki. Kuma masu karatunsu duk duniya ne, masu katin banki da ake cirewa duk wata ba su ma lura ba. Ƙananan jaridun garuruwa na Amurkan da suka kwaikwayi hakan da yawansu bai cece su ba.

Masu cewa a samo attajiri ya ɗauki nauyi kuma, Jeff Bezos mai Amazon ya sayi Washington Post dala miliyan 250 a 2013, an yi shekaru ana murna, sai a Oktoban 2024 ya hana jaridar fitowa ta goyi bayan wani a zaɓen shugaban ƙasa, cikin 'yan kwanaki mutum sama da 200,000 suka soke rajistarsu. Wato ladan kuturun da Baba ya faɗa ba a Najeriya kaɗai yake ba.

Matsalarka ta musamman kai mai Hausa, wadda ban ji kowa ya faɗa ba, ita ce waɗanda kake gasa da su ba riba suke nema ba. BBC Hausa tun 1957 suke, ga DW, ga RFI, ga TRT Afrika da suka shigo 2023, duk daga waje ake biyan kuɗinsu, suna da wakilai ko'ina, suna bayarwa kyauta, Bahaushe ya shekara sittin da wani abu yana shan labari mai kyau a rediyo ba a taɓa ce masa kawo sisi ba. Kai kuma ka zo ka ce dubu ɗaya a wata, ga kuɗin data da aka ƙara kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ko da yake shi ma na wajen ba tabbas gare shi ba, kowa ya ga yadda aka tsayar da ayyukan Muryar Amurka a Maris 2025 da Trump ya sa hannu a takarda ɗaya.

To amsar tambayarka ta biyu a wajena, a kan labarin "gwamna ya ce, sanata ya musanta" ba mai biya, ko ni ba zan biya ba. Amma Bahaushe yana biyan kuɗi a kan rubutu, je ka tambayi matan da ke sayar da littattafansu a WhatsApp da Telegram, shafi-shafi, a tura 'yan ɗaruruwa ta banki ko katin waya a saka mutum a guruf, kuma suna samu. Me ya sa? Don abin da suke bayarwa babu shi a wani wajen. In da za ku iya kawo wa ɗan kasuwa farashin masara da waken suya da riɗi na Dawanau kowace safiya, sahihi, da na shanu a Wudil ranar Juma'a, da yadda sefa ta kwana a Wapa, akwai wanda zai biya don kuɗinsa ne a ciki. Wannan aikin ƙafa ne, ba a yin sa daga kan kujera.

Game da ogan naka kuwa, gidan mutum bakwai da ba shi da mai neman talla, ba shi da takardar farashi, amma yana da ɗaki biyar da esi, ba sai an kira Zuckerberg mai Facebook ba. Ka tambaye shi abu uku in ka isa: nawa ke shigowa a wata, daga hannun mutum nawa, kuma nawa ake binku, nawa kuke bin wasu. In kuɗin daga mutum ɗaya ko biyu yake fitowa to ba kamfani kuke ba, ofishin yaɗa labaran wani ne bai dai gaya muku ba.

Ɗan_Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Edita ranka ya daɗe, maganar balangun nan ta ba ni dariya ta kuma ba ni tausayi. Hajiya Maman Hanifa abin da kika faɗa shi ke faruwa da mu, watan da Facebook suka rage nuna shafinmu masu shigowa suka zube har muka zaci an yi mana kutse ne, yanzu kuma ga wannan ƙirƙirarriyar basirar da mutum zai tambaya ta tattaro masa amsa ko shafin bai buɗe ba.

Bazazzagi ba zan yi musu da kai ba, nima na yi "Yanzu-yanzu" ɗin, in an ce ka kawo labari goma sha biyar a rana ba kuɗin mota ya za ka yi.

Mai Lissafi tambayoyinka uku na san amsar ta biyu, mutum biyu ne, kuma ɗayan ya faɗi zaɓe. Maganar Dawanau ta shige ni sosai don ƙanin mahaifiyata dillalin hatsi ne a can, kullum da asuba wayarsa ba ta hutawa mutanen Legas da Nijar na tambayar farashi. Zan je in same shi ranar Asabar in ji ko irin su za su yarda a riƙa fitar da farashin, don na san wasu dillalan rufin asirinsu kenan.

Alhaji in mun fara zan tako Kwari da kaina ba sai gobara ba, wane layi kake?

Alhajin Kwari:

Ka zo dai, ka turo min saƙo ta ciki in ba ka kwatance. Amma ka taho da farashi a rubuce, kuma ka sani sai na ga waya ta yi ƙara zan biya na wata na biyu.

Baba Edita:

Ɗana kafin ka ajiye aikin, ka sa ogan ya rubuta maka bashin wata huɗun nan a takarda ya sa hannu da kwanan wata. Ni akwai gidan da nake bin wata goma sha ɗaya tun kafin a haifi autata, yanzu tana aji uku a jami'a, mai gidan ya rasu, magada sun ce ba su ga inda aka rubuta ba.